An bar jaki ana dukan taiki: matafiya mace da tsibirin Zanzibar

Duk ranar da labari ya iso cewa an ci zarafin wata mace a ƙasar da ba tata ba, kafin a tambayi wane ne ya aikata, tambayar da ke riga fitowa daga bakin jama'a ita ce: to me ya kai ta? Haka ake tambaya a fadar samari ta Maraɗi, haka ake tambaya a ɗakin malamai na lise a Damagaram, haka kuma, abin mamaki, ake tambaya a jaridun Turai, sai dai su can sukan lulluɓe tambayar da lafazi mai taushi. In an ji cewa ita kaɗai ta tafi, kuma tsibiri ta nufa, inda ake wanka a bakin teku, to shari'a ta ƙare tun ba a zauna ba. Sai a jawo karin maganar nan da ba ta gajiya da hidimar azzalumai, a ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kowa ya shafa addu'a ya tashi.

Ɓangare biyu ne ke riƙe da wannan magana, kuma kowanensu yana ɗaukar ɗayan abokin gaba. Na farko su ne masu cewa mace ta zauna gida, domin gida shi ne rufin asirinta. Na biyu su ne masu sayar da tafiya, kamfanonin yawon buɗe ido da marubutansu, waɗanda ke nuna hoton farin rairayi da itacen kwakwa su ce ga aljannar duniya, sa'an nan a ƙasan shafi su jera wa mace dokoki ashirin: kada ta fita bayan magariba, kada ta yi wa baƙo murmushi, ta sa zoben aure ko da ba ta da miji, ta yi ƙaryar cewa maigidanta na jiranta a ɗaki. In aka duba da kyau, waɗannan abokan gaba biyu sun yi tarayya kan abu guda. Dukansu sun ɗora kayan tsaro kacokan a kan matar, sun sauke shi daga kan mai otel da ya karɓi kuɗinta, da ɗan sandan da ake biya domin ya saurare ta, da hukumar da ta buga mata hatimin shiga ƙasa. Wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki, kuma tsibirin Zanzibar wuri ne mai kyau na ganin yadda abin yake.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, gab da gaɓar Tanzaniya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 da ya kawar da sarautar sultan, ƙasar ta haɗe da Tanganyika a watan Afrilu na shekarar, amma ta riƙe shugabanta da majalisarta. Ƙidayar 2022 ta ba ta mutum wajen miliyan 1 da dubu 900, kusan dukansu Musulmi. Tsohon birninta na dutse, mai lunguna ƙunci da ƙofofin katako masu sassaƙa, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a shekarar 2000. A da kanumfari ne arzikin tsibirin. Yanzu baƙi ne. Fiye da masu yawon buɗe ido 600,000 suka sauka can a 2023, fiye da 700,000 a 2024. Daga Yamai, in an bi ta Adis Ababa, tafiyar ba ta fi ta kwana ɗaya ba. Ga mace Bahausa kuwa, wurin yana da wani kwarjini na musamman: ana kiran salla, abinci halal ne, mata na yawo da baƙin lulluɓi da suke kira buibui, kuma a harshen Suwahili za ta riƙa tsintar kalmomin Larabci da ta sani tun tana ƙarama. Ke nan babu wanda zai ce mata ta tafi ƙasar da ba a san Allah ba.

To sai a duba abubuwan da suka faru, a ga ko dokokin nan ashirin da sun yi magani.

A ranar 7 ga Agustan 2013, a ƙarshen watan azumi, wasu maza biyu bisa babur suka watsa wa ƴan mata biyu ƴan Ingila ruwan asid a cikin tsohon birnin. Shekarunsu 18, kuma aikin sa-kai na koyarwa ne ya kawo su. Su biyu ne tare, watau sun cika sharaɗin nan na cewa kada a yi yawo mutum ɗaya. Nan take masu sharhi suka shiga lissafin tsawon tufafinsu. Amma watanni tara kafin wannan, a Nuwamban 2012, an watsa wa Shaihu Fadhil Soraga, sakataren muftin Zanzibar, irin wannan ruwa, kuma a Satumban 2013 aka watsa wa wani limamin Katolika. Shin shaihun ma tufafinsa ne suka gaza? Abin da ke gudana a tsibirin a lokacin rikici ne na siyasa da addini, wanda ya sa wasu ƴan ta'adda suka ga suna iya ƙona fuskar mutum su kwana lafiya, kuma lalle an shafe shekaru ba a hukunta kowa a kan harin ƴan matan ba. Wanda ya mayar da wannan labari darasin sutura ya yi wa maharan hidima kyauta.

A watan Afrilu na 2022 kuma wata matashiya ƴar Najeriya ta bayyana a Twitter abin da ta ce ya same ta shekara guda kafin nan, a wani otel na arewacin Unguja, inda ta je hutu ita kaɗai. Ta ce cikin dare ta farka ta tarar da namiji a cikin ɗakin da ta kulle, ta ce da dabara ta kuɓuta, ta ce kuɗinta sun ɓace, ta ce a wurin ƴan sanda ba ta samu kunnen da ta zata ba. Otel ɗin ya fitar da nasa bayani, wanda ya saɓa da nata a wurare da dama, hukumar yawon buɗe ido ta tsibirin kuma ta ce za ta bincika. Ba aikin wannan shafi ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu. Abin lura shi ne yadda dubban mutane, daga Legas har Darussalam, suka karɓi labarin: wasu suka tsaya mata, amma da yawa suka koma ga tsohuwar tambaya, me ya kai budurwa otel ita kaɗai. Alhali kuwa, in dai yadda ta faɗa ne, ba a lungu abin ya faru ba, ba a bakin teku da tsakar dare ba. A kan gadon da ta biya kuɗinsa ne, a bayan ƙofar da mabuɗinta na biyu ke hannun wasu. Wace doka ce daga cikin ashirin ɗin ta karya? Barci ta yi.

Masu cewa da tana tare da miji da hakan bai faru ba, sai su ɗan matsa kudu maso gabas cikin wannan teku, zuwa tsibirin Moris. A Janairun 2011 wata malamar makaranta daga Ailan ta Arewa ta je can da angonta, kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aure, suka sauka a babban otel mai masu gadi. Da rana tsaka ta bar shi a wurin cin abinci ta koma ɗaki ɗauko biskit ɗin shan shayi. Da ta daɗe, ya bi sawu, aka tarar an shaƙe ta. Masu gabatar da ƙara suka ce ɓarayi ta iske a ɗakin, kuma an gurfanar da ma'aikatan otel biyu, amma kotu ta sallame su a Yulin 2012. Ga miji, ga rana, ga otel mai tsada, ga ƙofa mai na'ura. Duk sharuɗɗan ɓangarorin nan biyu sun cika, ran kuma ya tafi. Abin da shari'ar ta dinga komawa kansa shi ne tambayar da jerin shawarwari ba ya yi: wa ke riƙe da katin buɗe ɗakuna, kuma wa ke sa ido a kansa?

Sai maganar gida, wanda ake cewa shi ne mafaka. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar game da shekarar 2023 sun nuna cewa an kashe mata da ƴan mata wajen 85,000 da gangan a faɗin duniya, kuma kashi 60 cikin ɗari, watau wajen 51,100, mazajensu ko danginsu ne suka kashe su. Kimanin mace 140 ke nan kowace rana, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan adadin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa wajen mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi a rayuwarta, akasari daga hannun abokin zama. Ba a kawo waɗannan lambobi domin a ce tafiya ba ta da haɗari ba. An kawo su ne domin mai cewa a zauna gida ya san cewa lissafi ba ya bayansa. Malamin makarantar da ya taɓa ganin ɗalibarsa ta shigo aji da kumburarren ido, ya tambaye ta ta ce faɗuwa ta yi, ba ya bukatar a fassara masa alƙaluman nan.

Akwai hujjar addini, kuma ba a wuce ta da gaggawa, domin masu kawo ta ba duka ne ke neman fakewa ba. Hadisan da suka hana mace tafiya mai nisa ba muharrami sanannu ne, ingantattu ne. Sananne ne kuma cewa malamai sun yi saɓani kan dalilin hanin da iyakarsa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce ake bi daga Tawa har Damagaram, ya yarda matar da ba ta sauke farali ba, in ba ta da muharrami, ta tafi hajji cikin ayarin mata. Hukumomin Saudiyya sun fara barin mata su yi rajistar hajji ba muharrami a 2021. Kuma a cikin Buhari akwai labarin Adiyyu ɗan Hatim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa bushara da zamanin da mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah. Fatawa ta malamai ce, kuma kowace mace tana da malaminta da lamirinta. Amma abin da ba ya bukatar fatawa shi ne wannan: a cikin busharar nan, tafiyar mace cikin aminci ita ce ma'aunin da aka auna gyaruwar ƙasa da shi. In hanya ta ɓaci, hanya ce abin zargi. Kuma ko da an ɗauka wata ta saɓa wa ra'ayin da ya fi tsanani, babu mazhabar da ta ce hakan ya halatta wa wani ya shiga ɗakinta, ko ya sauke wa ɗan sanda nauyin rubuta ƙararta.

Bugu da ƙari, muhawarar ko mace za ta yi tafiya ko ba za ta yi ba, rayuwa ta riga ta yanke ta. Ƴan kasuwa mata na Maraɗi da Yamai sun daɗe suna zuwa Kwatano da Lome da Dubai saro kaya, ɗalibai mata na karatu a Dakar da Rabat, malamai da ma'aikatan lafiya mata na zuwa tarurruka a inda aka kira su, wasu tarurrukan kuwa a irin waɗannan tsibirai ake shirya su. Mai cewa kada ta je bai hana ta zuwa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa ta tafi a ɓoye, ba ta gaya wa kowa masaukinta ba, in kuma wani abu ya same ta ta haɗiye shi, domin ta san abin da za a ce a gida. Shirun nan shi ne babban jarin mai cin zarafi. Matashiyar nan ta Najeriya sai da ta shekara kafin ta yi magana a fili.

Abin takaici shi ne, al'adar Hausa tana da amsar wannan matsala tun kafin a gina otel na farko a bakin Tekun Indiya. A zamanin fatauci, lokacin da ayari ke tashi daga Katsina da Kano zuwa Gwanja ɗauko goro, ɗan kasuwa ba ya sauka a zango haka kawai. Yana sauka wurin fatoma, mai masauki, wanda ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. In kayan baƙo suka ɓace a gidan fatoma, ba a tambayar baƙon me ya sa ya yi barci. Sunan fatoma ne ke zubewa, kuma ayari na gaba ba zai sauka gidansa ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma saboda sanin makantar nan tasa ne aka ɗora wa mai gida amanarsa. Otel fatoma ne da ya sa kwat. Jikokin fatake, waɗanda suka gaji wannan fahimta, su ne ya kamata su riga kowa tambayar mai masauki, amma sai ga shi su ne ke kan gaba wajen tuhumar baƙuwa.

Ita kuwa hukumar Zanzibar, ta nuna cewa in ta so tsara abu tana iyawa. A 2021 ta sanar da tara mai nauyi a kan baƙin da ke yawo cikin gari da kayan wanka, da kuma kamfanonin da suka kawo su. Daga 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya ta dalar Amurka 44, wajen jaka 25 na sefa, daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin, ko da ya zo da tasa daga gida. A kan dokar sutura babu abin cewa: mutanen gari suna da haƙƙin kada a mayar da ƙofar masallacinsu bakin teku, kuma baƙuwar da ta rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari, ta kame daga ci a fili da rana cikin azumi, ladabi ta yi wanda ya dace. Sai dai ladabi daban, kariya daban. Gwamnatin da ta iya auna tsawon siket, ta iya karɓar dala 44 daga kowane kai a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, ba ta da uzurin kasa tilasta wa kowane otel ya sa sakata ta ciki a ƙofofinsa, ya riƙe rajistar masu ɗaukar mabuɗin gama-gari, ya binciki tarihin masu gadinsa kafin ya ɗauke su. A ofisoshin ƴan sandan Tanzaniya akwai teburin musamman na mata da yara, kuma Zanzibar ta kafa kotu ta musamman kan laifuffukan cin zarafi. Matakai ne na kirki. Amma baƙuwar da jirginta zai tashi jibi, wadda ba ta jin Suwahili, tana bukatar a ɗauki bayaninta yau, da tafinta, a kuma ci gaba da shari'ar bayan ta tafi. Mai laifi ya san ranar tashinta, kuma da ita yake lissafi.

Akwai kuma wata wahala da takardun talla ba sa faɗa, wadda ta keɓanta ga baƙar mace. Baturiya in ta shiga otel ita kaɗai, baƙuwa ce. Ƴar Afirka in ta shiga ita kaɗai, sau da yawa sai mai gadi ya tsayar da ita ya tambaye ta wurin wa ta zo, domin a tunaninsa mace irinta ba ta zuwa irin wurin nan sai da wata sana'a. Wannan zato ba cin fuska kawai ba ne. Shi ne ke sa in ta kai ƙara a saurare ta da rabin kunne. Jerin shawarwarin da aka rubuta domin ƴar Landan ba ya ma sanin akwai wannan matsala.

Wani abin da ke tona asirin masu wa'azin tsaro shi ne abin da suka yi shiru a kansa. Teku ya ci rayukan mutane masu yawa a Zanzibar. A daren 10 ga Satumban 2011 jirgin ruwan Spice Islander, wanda aka yi wa lodin da ya ninka ƙa'idarsa, ya kife tsakanin Unguja da Pemba. An tsamo gawa fiye da 200, rahoton gwamnati daga baya ya ce waɗanda suka ɓace sun haura 1,000. A Yulin 2012 wani jirgin, Skagit, ya nutse a hanyarsa daga Darussalam, mutum fiye da 100 suka halaka. Akasarin waɗanda suka mutu ƴan ƙasa ne, cikinsu mata da yara masu yawa. A gabashin Unguja kuma, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye nesa ƙwarai har mutum ya yi ta tafiya bisa rairayi, sa'an nan ya komo da saurin da wanda ya tashi a Sahel ba zai taɓa zato ba. A cikin duwatsun akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke huda ƙafa. Matar da ta fito daga Tawa, wadda babban ruwan da ta sani shi ne tabkin damina, haɗarin da ya fi kusa da ita shi ne ƙaramin kwalekwalen yawon kallo da ba shi da rigar ceto. Amma da wuya a ji mai cewa a zauna gida ya tambaya ko ta iya ninƙaya. Ba ya tambaya, domin ba ranta ne ya dame shi ba. Abin da za a ce ne ya dame shi. A Nungwi kuwa, wata ƙungiya mai suna Panje ta ɗauki shekaru tana koya wa mata da ƴan matan tsibirin ninƙaya cikin tufafin da suka rufe jiki duka. Ga mutanen da suka ɗauki ran mace da muhimmanci ba tare da sun yar da addininsu ba.

Kada a fahimci wannan da cewa matafiya ta tafi da ka. Rigakafi ya fi magani, kuma akwai sanin da ke da amfani na gaske. Ta nemi biza tun kafin ta tashi, ta riƙe katin allurar shawara, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasa irin Nijar. Ta guji lokacin zaɓe, domin siyasar tsibirin tana da zafi: a Janairun 2001 jami'an tsaro sun kashe masu zanga-zanga da dama, akasari a Pemba, an soke zaɓen 2015, kuma zaɓen Tanzaniya na Oktoban 2025 ya zo da zubar da jini da katse intanet. Ta san cewa samarin da ke bin baƙi da tallan yawo a tashar jirgin ruwa da bakin teku, mutanen gari da kansu papasi suke ce musu, watau kaska, kuma jagora mai lasisi yana da takardar da zai nuna. Da rana motocin haya da ake kira daladala cike suke da mata da kayan kasuwa (an ce sunan ya samo asali daga kuɗin mota na sile biyar da ake kira dala, abin da ba zai ba mutumin Nijar mamaki ba), da dare kuwa gara motar da masauki ya sani ya kuma rubuta lambarta. Mafi muhimmanci, wanda kunya ke hana a faɗa: in mummunan abu ya faru, maganin kariya daga ƙwayar cutar sida yana aiki ne in an fara shan sa cikin awa 72, saboda haka asibiti ne farko, babban asibitin tsibirin kuwa shi ne Mnazi Mmoja, a gefen tsohon birni. Wannan ilimi ne, irin wanda ake bai wa kowane baligi mai hankali. Bambancinsa da dokokin nan ashirin shi ne, ba a ba da shi domin gobe a samu abin kama ta da shi.

Tsibirin da kansa yana da tarihin matan da suka yi tafiya. Siti binti Saad, ƴar ƙauye daga dangin masu ginin tukwane, ta zama babbar mawaƙiyar taarab, ta hau jirgi zuwa Bombai a 1928 aka ɗauki muryarta a faifai, kuma ana tuna ta da waƙoƙin da suka soki zaluncin da ake yi wa mata a gida da kotu. Samia Suluhu Hassan, wadda ta zama shugabar Tanzaniya a Maris na 2021, ƴar Zanzibar ce, ko da yake hawan mace kujera bai taɓa zama tabbacin adalci ga kowa ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 kuma dubban matan ƙauyukan gabas ke noman ciyawar teku, suna shiga ruwa in ya janye, suna ɗaure tsiron a igiya, a daidai rairayin da ake ɗaukar hoton talla. Su ba su da inshorar dala 44, ba su da ofishin jakadanci, ba su da dubban mabiya a intanet. In tsarin ƴan sanda da kotu bai kare su ba, ba zai kare baƙuwa ba sai dai ya yi mata ado na kwana bakwai. In kuwa ya kare su, baƙuwa ta samu a ɓagas.

Saura aikin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, domin su ne ke tura mutane waje. Zanzibar na da bikin waƙa na Sauti za Busara a watan Fabrairu, tana da bikin fina-finai na shekara-shekara, kuma irin waɗannan gayyata kan iso ƙungiyoyin Yamai da Damagaram daga ƙasashe dabam-dabam. Abin da aka saba gani shi ne, in gayyata ta faɗo kan mace, sai kwamiti ya yi shawara cikin natsuwa ya ce saboda tsaronta gara a tura namiji, ko da kuwa ita ce ta rubuta wasan, ita ce ta horar da ƴan wasan. Da sunan kariya an ƙwace mata aikinta, namijin kuma ya dawo da hotuna. Ƙungiyar da ta damu da tsaron wakiliyarta da gaske, wasiƙa za ta rubuta wa masu gayyata tun kafin a sayi tikiti, ta tambayi sunan masauki, da wanda zai tarbe ta a filin jirgi, da lambar da za a kira da ƙarfe 2 na dare, da ko ƙofar ɗakin tana da sakata ta ciki. In amsa ba ta gamsar ba, a nemi a sauya masaukin, a bar wakiliyar yadda take. A aji kuwa, malamin labarin ƙasa da ke zana Tekun Indiya a allo yana iya ƙara minti goma ya koya wa ɗalibansa, mata da maza, yadda ake karanta jadawalin cikowa da janyewar teku, malamin Faransanci ya sa su rubuta takardar kai ƙara ga kwamishinan ƴan sanda, da kwanan wata da sa'a da sunayen shaidu, su kuma san cewa ana neman kofi mai hatimi kafin a bar ofishin.